Yadda Na Zama Kunnen Birnin Maƙale

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya shimfiɗa ƙasa ba da dirka ba, ya tsirar da bishiya daga ƙwayar da ba ta kai farce ba, ya kuma ba kowane bawa kunne biyu, ko da ɗaya ne zai yi masa aiki.

Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Tanimu, mutumin Tudun Gawo, wanda karatunsa ya tsaya a izu biyu, tafiyarsa kuwa ta wuce ƙasashe goma sha ɗaya. Ku sani, tun da aka fara haihuwar 'yan Adam ba a yi mai kunne irin nawa ba. Ina jin tarin tururuwa a cikin rami. Ina jin gemu yana tsirowa a haɓar mutum. In kaza ta fara tunanin yin ƙwai a bayan gari, ni nake riga zakara sani. Haka nake faɗa a kowace kasuwa, haka kuma zan ci gaba da faɗa.

Amma tunda takarda ba kasuwa ba ce, bari in ɗan gyara. Kunnena na hagu ya mutu tun ina ɗan shekara sha biyu, ranar da na ɗaure gefen rigar Kawu Ilu a wutsiyar jaki yana tsakiyar ciniki. Mari ɗaya ya yi mini. Na dama yana nan, yana ji kamar na kowa. Abin da Allah ya ba ni na gaske ido ne, sai kuma baki. Masu tambayata me ya sa ba na cire hular haɓar kada ko da ana zafin bazara, su yi haƙuri su karanta.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai na bar garinmu. Ranar walimar 'yar Sarkin Fawa na kifa kunne a ƙasa a tsakiyar taro, na miƙe na ce ina jin ambaliya tana tahowa daga gabas. Gari kaf ya hau tudu, har da ango. Aka bar ni da tukwane bakwai. Da suka sauko da la'asar, ba ambaliya ba nama, sai na ga lokaci ya yi da zan tafi neman ilimi.

Na bi ta ƙasar Masu Gishiri, inda rijiya ke ba da ruwa yau, gobe ta ba da romo. Na ratsa Kwarin Jinkiri, inda in ka yi sallama sai bayan kwana uku amsar take riskarka a hanya. A wata na bakwai na shiga Dajin Rufa-Rana.

Itatuwan dajin nan, in aka sare gindin ɗaya da hantsi, sai la'asar kan bishiyar yake isowa ƙasa. Saboda haka masu sara sukan yi ta kuwwa suna buga ganga, don duk mai rai ya kauce. Ni ban san da wannan ba. Na samu inuwa na zauna ina cin ɗinya, kuwwar kuma ta hagu take zuwa. Na dai ga rana tana ɗan ƙara haske a sama, na ce Allah mai iko. Sai duniya ta kife. Da ƙura ta lafa, na tsinci kaina a zaune a tsakanin rassa biyu, kowanne ya fi ɗakin uwata kauri, ko ƙwarzane babu a jikina.

Mutane suka zo a guje, a gabansu wani ƙaton dattijo mai furfura har a gira. Shi ne Barmo, shugaban masu kora itace a kogi.

Ya ce, "Kai bawan Allah! Da rai ko babu?"

Na ce, "Da rai mana. Lafiya?"

"Lafiya? Tun hantsi muke tsage maƙogwaro, gangarmu har ta fashe!"

Bakina dai bai taɓa sanin tsoro ba. Na ce, "Na ji ku. Na kuma ji ita bishiyar. Tun da ta fara kuka na san inda kowane reshe zai sauka, shi ya sa na zaɓi nan. Ku dai kun zubar mini da ɗinya."

Barmo ya dubi rassan, ya dube ni, ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Ɗan'uwa, tashi. Birni yana neman irinka."

Suka ɗauke ni a kan abin da suke kira gado, wato gumagumai ɗari da aka jera aka ɗaure da igiyar rama, ana tura su da gora a kan Kogin Zungura. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, domin a kogin akwai wani kifi mai cin ƙarfe. Na ga wanda gatarinsa ya suɓuce a ruwa, ƙota kawai ya tsamo. A tsakiyar gadon akwai wani gungumen ƙirya baƙi ƙirin, mummuna, duk ƙulli a jikinsa. A kansa aka ba ni wurin zama, a kansa na yi kwana arba'in, ina cin tuwon Barmo da busasshen kifinsa.

A kwana na tara muka iso wurin da duwatsu suke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Barmo ya ce, "Ɗan'uwa, nan ne yake cin mutanenmu. Saurara mana."

Na kwanta na ɗora kunne a kan itace, na bar idona a buɗe. Can na hango zalɓe a tsaye a tsakiyar kogi, ruwa iya gwiwarsa. Zalɓe ba ya tsayawa a kan iska. Duk inda na ga ɗaya sai in ce, "Dutse a dama!" ko "Dutse a hagu!" Muka wuce ko igiya ba ta tsinke ba. Daga ranar aka daina ce mini ɗan'uwa, aka koma Malam Kunne, aka kuma ƙara mini kifi.

A hanyar nan Barmo ya ba ni labarin inda za mu.

Ya ce, "Ka ga Maƙale? Ba wanda ya kafa shi. Itace ne ya kafa shi. A zamanin kakan kakan kakana, babban birnin ƙasar nan Jan Tudu ne, garin ƙasa da laka, mu kuma mukan kai musu azara. Wata shekara gumagumai dubu suka maƙale a kwanar kogi. Aka aiko mutum ɗari su ɓalle su, suka kasa. Suka kafa bukkoki a kan itacen suna jiran ruwa ya ƙaru. Mata suka biyo su da tuyar kifi. Masassaƙa suka ce to me zai sa mu jira itace a Jan Tudu, ga shi nan a tare? Suka zo. Maƙera suka biyo masassaƙa, mawaƙa suka biyo mata. Sarki ya wayi gari rufin zaurensa yana yoyo, ya nemi mai gyara, aka ce duk suna Maƙale. Ya aika a kira su, ɗan aiken ya yi aure a can. Ya sake aikawa. A na uku sai ya naɗe tabarmarsa ya bi su."

Na ce, "Jan Tudun fa?"

"Awaki suna can."

Ya ce tun daga lokacin komai na birnin a kan itace yake. Sarkin Gatari yana zama gaba da Waziri. Da katako ake biyan sadaki. Unguwanni ma sunan itace suke ci, akwai Maɗaci, akwai Doka, akwai Bayan Zarto. A da daji a bakin ƙofar gari yake, mace tana iya kai wa mijinta abinci bai huce ba. Birni ya yi ta ci, daji ya yi ta ja da baya, yau ga shi sai an yi kwana arba'in.

"Kuma gari ne a kan ruwa," in ji Barmo. "Dirkoki ne suke riƙe da shi. In dirka ɗaya ta ruɓe a ciki, gida ya tafi. Shi ya sa ba a kafa itace sai Kunnen Birni ya saurare shi. Namu ya rasu bara, an gwada mutum goma sha huɗu ba wanda ya ci. Ga shi bana ake canja Uwar Dirka, wadda take ɗauke da babbar kasuwa da zauren Mai Birni. Sau ɗaya ake yi a shekara sittin."

Ya shafa mummunan gungumen da nake zaune a kai, kamar mai shafa kan ɗa. "Ubana ne ya yi wa wannan alama tun ba ni da gemu. Na sare ta, na jira ta shekara bakwai ta bushe. In ta ci, a sassaƙa sunan gidanmu a jikinta. In Kunne ya ce bai ji ba, a kai wa maƙera su yi gawayi. Haka dokar take."

Na ce, "Shi Kunnen me yake samu?"

"Gida mai bene, kifi safe da yamma, kuma ba ya cire takalmi a gaban kowa."

"In ya yi kuskure fa?"

"Kuskure na Allah ne, ana yafewa. Amma in ya yi wa itace ƙarya, ya ce ya ji alhali bai ji ba, wanzami zai huda kunnensa a gaban jama'a, a rataya masa guntun ruɓaɓɓen itacen, a ɗora shi a kan sauran gungumen a tura shi kogi. Ba a taɓa yi ba dai. Wa zai yi wa itace ƙarya?"

Na ce, "Wa kuwa."

Ranar da muka iso na ga abin da ban taɓa gani ba. Gari ne guda a tsaye a kan ƙafafu kamar zalɓe dubu. Tituna katako, masallaci katako, har murhu a cikin akwatin katako mai cike da yashi yake. In jama'a suna tafiya gari yana amsawa, gim, gim, kamar ana taka ganga. Ko'ina ƙamshin ɗanyen itace, da ƙarar zarto, da gizago.

Barmo ya kai ni Dandalin Saurare a bakin kogi, inda ake gwaji. Ga yadda ake yi. Ana ɗora gungume a kan ƙafafun katako biyu, a saman ruwa. A rataya zana a tsakiya, ta raba wannan kai da wancan. Mai ƙwanƙwasa yana zama a can da basillar ƙaho, ya taɓa kan gungumen a hankali, sau yadda ya ga dama. Kunne yana nan, ya ɗora kunnensa, ya faɗi sau nawa. Lafiyayyen itace yakan kawo ƙarar komai tsawonsa. Mai ruɓa a ciki yakan haɗiye ta, sai Kunne ya ce bai ji ba.

Mai ƙwanƙwasar wata tsohuwa ce 'yar firit, Gwaggo Tasalla, matar marigayi Kunnen Birni. Shekara talatin da takwas tana taɓawa yana ji. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi.

Ta ce, "Kai ne wanda bishiya ta ƙi?"

Na ce, "Ni ne wanda bishiya ta gaya wa sirrinta, Gwaggo."

"To. Je ka ta gaya maka wani."

Na durƙusa na ɗora kunnen dama, mai ran. Na ji kogi. Na ji zarto. Basilla kam ban ji ba. Na fara lissafin yadda zan faɗa ruwa in yi iyo, sai na ce bari in juya tukuna, in sayi lokaci. Na ɗora na hagu, mataccen. Juyawar nan ta sa fuskata ta kalli ƙasa, ta gefen da ruwa yake kwance luf. Zana ta rufe sama, amma ba ta rufe kogi ba. Ga Gwaggo Tasalla a cikin ruwa, kanta a ƙasa ƙafafunta a sama, hannunta yana zuwa yana dawowa. Shekara ɗari uku ba wanda ya lura da wannan, domin duk mai saurare na gaskiya rufe ido yake yi.

Na ce, "Biyar."

Aka ce haka ne. Aka sake. "Biyu." Aka kawo wani gungume. "Goma sha ɗaya." Barmo ya ɗaga ni sama kamar buhun ƙaiƙayi. Kafin azahar Mai Birni ya yafa mini alkyabba, na shiga zaurensa da takalmi.

Da taro ya watse Gwaggo Tasalla ta tsaya a gabana tana goge basillarta da gefen zane.

Ta ce, "Ɗan nan, mijina Malam da yake raye rufe ido yake yi."

Na ce, "A ƙasarmu buɗewa ake yi, Gwaggo. In ƙara ta shiga ta kunne dole a bar mata ƙofar fita, in ba haka ba sai ta taru ta zama ciwon kai."

Ta ce, "Allah Sarki. Ashe abin da ya kashe shi ke nan." Ta wuce.

Wata huɗu na yi a gidan bene. Na yi ƙiba har alkyabbar ta fara kama ni. Matsala ɗaya ce: ruwa yana nuna hannu, ba ya nuna cikin itace. Lafiyayye da ruɓaɓɓe duk ɗaya suke a wurina, kowanne ina ji. Na ga in na ci gaba da amsa kowane gungume za a yi magana, sai na kafa wa kaina ƙa'ida. Kowane na biyar zan ɗaga kai in girgiza, in ce, "Ban ji ba." In mai itacen yana da fuskar da ba ta yi mini ba, yakan zama na biyar ko da shi ne na biyu. Maƙera suka yi ta yaba gawayin bana, suna cewa ba su taɓa samun mai ƙarfi irinsa ba.

A wata na uku sabuwar rumfar masu tuyar kifi a Bayan Zarto ta durƙusa. Mata shida suka faɗa kogi da kaskonsu. Ba wadda ta mutu, sai dai zagin da suka yi an ji shi har Unguwar Doka, ni ma da kunne ɗaya na ji. Aka tambaye ni, na ce ba laifin dirka ba ne, kifin nan mai cin ƙarfe ne ya fara canja abinci. Dattawa suka yi ta jinjina kai. Ban da Gwaggo Tasalla. Na dai hange ta a bakin ruwa, ta sa an tsamo mata guntun dirkar, tana tura yatsa a cikinsa yana shiga kamar a cikin tuwo.

Sai ranar Uwar Dirka ta zo.

Tun hantsi gari ya juye a Dandali. Mutane a kan rufi, mutane a cikin kwale-kwale, mutane a kan mutane. Gumagumai biyu ne suka kai ga wannan rana. Ɗaya ƙiryar Barmo. Ɗaya maɗacin Sarkin Gatari Cindo, santalele, ja wur, an shafe shi da man kaɗanya yana ƙyalli, ya fi na Barmo kauri da kamu biyu. Dole ɗaya ya zama Uwar Dirka, ɗaya ya zama gawayi. Sarkin Gatari mutum ne mai fara'a, tun da na hau yake aiko mini da gasasshen kifi mai yaji. Amma ba don kifi na yanke shawara ba. Na dubi wannan na dubi wancan, na ce ai ko makaho ya san wanda ya fi. Da ido na zaɓa, tunda shi nake da shi.

Ina gyara alkyabba kafin a fara, sai Gwaggo Tasalla ta matso kusa da ni, ta yi ɗage, ta yi mini raɗa. Na ga bakinta yana motsi. Na ɗauka addu'a ce irin ta tsofaffi. Na ce, "Madalla, Gwaggo." Ta ja hannun rigata ta sake. Na ce, "Madalla, madalla." Ta sake na uku, har da nuna mini hanyar bayan Dandali da haɓa. Na dafa kafaɗarta na ce, "Allah ya saka da alheri, je ki zauna."

Ta dube ni ɗan lokaci. Ta ce da ƙarfi, "To shi ke nan." Wannan na ji.

Ta tafi gaban Mai Birni ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ina da roƙo. Hannuna ya tsufa, kada a ce na yi kuskuren ƙirga. Ka zo kai da dattawa ku zauna ta gefena, ku ga abin da nake yi."

Mai Birni ya ce ba laifi. Aka ɗauke kujerarsa aka kai bayan zana.

Aka fara da ƙiryar Barmo. Na ɗora kunnen hagu. A cikin ruwa na ga hannunta ya je sau bakwai. Na ɗan jima, na ɗaga kai, na girgiza.

"Ban ji ba."

Jama'a suka yi "Ayya!" Barmo yana tsaye kusa da ni, gorarsa a hannu. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Malam Kunne, a sake mana. Kwana arba'in ka yi a kanta, ka san ta."

Na ce, "Barmo, kunne ba shi da aboki."

Ya sunkuyar da kai. Maƙera suka fara matsowa da igiyoyinsu.

Aka ɗora maɗacin. Na kwanta, na leƙa kogi. Ga Gwaggo Tasalla a kife, ga Mai Birni a kife a bayanta da rawaninsa. Hannunta ya je ya dawo, ya je ya dawo, a fili, kamar tana so in gani. Na ƙirga. Na miƙe tsaye, na buɗe hannuwa don na kan rufi su shaida.

"Tara! Tara cif! Kai, wannan itace magana yake yi. Ta ukun ta ɗan yi sanyi, ta bakwan kuwa har cikin haƙorina na ji ta!"

Makaɗan Sarkin Gatari suka saki ganga. Mata suka yi guɗa. Sai na ga ana naɗe zanar daga sama, a hankali, ganga kuma tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo Tasalla tana zaune, taku guda tsakaninta da kan gungumen. Basillar tana soke a ɗankwalinta. Hannunta ba komai.

Mai Birni ya ce, "Kunne, sau nawa ka ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tara. Amma in an duba da kyau..."

"Mun duba da kyau. Mu goma sha biyu muka duba. Iska kawai Gwaggo ta taɓa sau tara, ba itace ba."

Na ce, "To ai ga shi, ranka ya daɗe! Itacen da yake kawo ƙarar iska, ina wanda ya kai shi lafiya?"

Wani a kan rufi ya yi dariya, shi kaɗai. Gwaggo Tasalla ta tashi, ta zo inda nake kwanciya, ta sa ƙafa ta nuna ruwan. Mai Birni ya tattare rigarsa ya durƙusa a wurin, ya ɗora kansa, ya leƙa. Ya ga Waziri a kife yana sosa hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya ce a kawo gatari.

Sara uku aka yi wa maɗacin. A na huɗu gatarin ya shige har ƙota, wani baƙin ruwa mai wari ya tsiyayo, gara ta biyo baya kamar an kwance buhun gero. Jama'a suka juya gaba ɗaya suka dubi babbar kasuwa, inda kowa yake da rumfa, ko uwa, ko ɗa. Sarkin Gatari ya zauna a ƙasa yana salati, da alama shi ma man kaɗanyar ya ruɗe shi. Mai Birni ya daka wa maƙera tsawa su saki ƙiryar nan. Barmo ya je ya tsaya a jikinta ya dafa, bai ko dubi inda nake ba. Cikin matan Bayan Zarto wata ta ce a bar mata ni ita da kaskonta, ba sai an wahalar da wanzami ba.

Wanzami ya riga ya buɗe zabirarsa. Wani masassaƙi yana fere guntun maɗacin, yana auna shi da kunnena daga nesa, da ido ɗaya a rufe.

Na faɗi a gaban Mai Birni. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni. A garinmu ko akuya za a yanka sai an ba ta ruwa. Da an ja ni gefe an ce Nomau, mun gane, kama hanyarka, wallahi da yanzu na kai Kwarin Jinkiri. Amma a tara mini gari guda ba gargaɗi? Gwaggo, ke ma kin haifa. Haka ake yi?"

Gwaggo Tasalla ta zare basillar daga ɗankwali ta miƙa wa wanzami. Ta juyo ta fuskanci jama'a, ta ɗaga murya yadda na kan rufi za su ji.

"Ku shaida. Ɗazu kafin a fara na je na same shi. Na ce, ɗan nan, na san da ruwan. Ka ce cikinka ya murɗa, ka bi ta bayan Dandali, akwai kwale-kwale na ɗaure maka, da ƙunshin kifi a ciki. Ya ce mini madalla. Na sake, ya ce madalla. Sau uku na gaya masa, a cikin kunnensa, bakina yana taɓa hularsa."

Kowa ni yake kallo: Mai Birni, da Barmo, da matan kasko, da wanzami da basilla a hannu. Sai bakin nan nawa, da bai taɓa neman shawarata ba, ya buɗe da kansa.

Na ce, "Gwaggo, a wane kunnen?"